Barka da Sallah: Yadda yaro zai sayi kyauta da ɗan kuɗin hannunsa

A duk ranar Sallah, da zarar an sauko daga Idi, yara a garin Tofa da ƙauyukan da ke kewaye da shi kan bazu gida-gida cikin sababbin kaya, suna gaishe da manya, ana ba su barka da Sallah. Kafin magariba, aljihun yaro ɗan shekara 7 kan tara kuɗin da bai sake riƙe irinsa ba tun Sallar da ta wuce.

Makomar wannan kuɗi dai kusan sananniya ce. Ko dai uwa ta ce "kawo in ajiye maka", daga nan ba a sake jin labarinsa ba, ko kuma ya ƙare a wurin mai balan-balan da mai alawa kafin gari ya waye.

Akwai kuma wata hanyar da ba a cika bi ba, wato a taimaki yaron ya ware wani abu daga cikin kuɗin, ya je kasuwa da ƙafarsa, ya zaɓi kyauta, ya kai wa wani da hannunsa. A al'adar Hausawa kyautar Sallah daga sama take gangarowa: babba ne ke ba ƙarami. Bai zama laifi ba idan wani lokaci ta hau sama, daga jika zuwa kaka, ko ta gitta daga yaya zuwa ƙanwa.

Sallah a lokacin da rumbu ya yi ƙasa

Ƙaramar hukumar Tofa tana yamma da birnin Kano, tana maƙwabtaka da Dawakin Tofa da Rimin Gado. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum 97,734 a faɗin murabba'in kilomita 202, wato kusan mutum 480 a kowane murabba'in kilomita. Yanki ne na gonaki a jere, inda da wuya a ga saura, kuma gonar gado ta sha rabo har ta koma 'yar ƙarama.

A irin wannan wuri, kuɗin magidanci yana da lokacinsa. Da kaka ake samu, bayan an girbe gero da dawa da gyaɗa da wake. Ita kuwa Sallah ba ta bin kalandar manomi, domin shekarar Musulunci na gaza ta Bature da kimanin kwana 11. A 2025 an yi Ƙaramar Sallah a Najeriya ranar 30 ga watan Maris, cikin zafin bazara, watanni bayan girbi. Babbar Sallah kuma ta faɗo ranar 6 ga watan Yuni, daidai lokacin da manomi ke neman kuɗin taki da iri.

Ga kuma tsadar rayuwa. Bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga watan Mayun 2023, farashin sufuri da na abinci ya yi tashin gwauron zabo. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disambar 2024. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira dubu 70 a shekarar 2024, amma wannan bai shafi mafi yawan mutanen karkara ba, tun da ba albashi suke ɗauka ba.

Magidancin da ya fitar da zakkar fidda-kai, ya ɗinka wa yara kayan Sallah, ya sayi cefanen tuwon Sallah, da kyar ake samun ragowar da zai ware wa yaro don sayen kyauta. Shi ya sa maganar ta fi dacewa da kuɗin da yaron ya samu da kansa: barka da Sallah, da tukuicin kai abinci gidajen maƙwabta, da abin da ya tara a asusu, da ɗan abin da aka samu a wasan tashe cikin azumi a inda ake yinsa.

Shi ma kuɗin barka da Sallar ya rage daraja. Iyayen yau suna tuna lokacin da Murtala guda, wato takardar naira 20, ke sa yaro tsalle. Yanzu naira 5 da naira 10 da kyar suke sayen wani abu, kwabbai kuwa an daina ganinsu a hannun jama'a.

Aike daban, zaɓi daban

Ɗan Bahaushe ba baƙo ba ne a kasuwa. Wata masaniyar halayyar al'umma 'yar Amurka, Enid Schildkrout, ta yi bincike a cikin birnin Kano a shekarun 1970, inda ta nuna yadda matan da ke cikin kulle suka dogara da yara wajen saye da sayarwa. Yaro ne ke kai talla, shi ke sayo cefane, shi ke karɓo bashi, shi ke kai saƙo tsakanin gidaje. Har yau a garuruwa irin su Tofa da Lambu da Doka, yarinya 'yar shekara 8 ta san lissafin canji fiye da yadda littafin makaranta ya koya mata.

To amma duk wannan aike ne. An faɗa masa abin da zai sayo, an ƙidaya masa kuɗin, idan ya dawo a karɓi canji. Abin da bai saba da shi ba shi ne ya tsaya gaban kaya da kuɗinsa na kansa, ya tambayi zuciyarsa me wane zai so, sannan ya haƙura da abin da shi yake so domin kuɗin ba za su kai duka biyun ba. Wannan wani ilimi ne na daban, kuma aike ba ya koyar da shi ko da an shekara goma ana yi.

Masana tarbiyya na ganin ba a yi wuri ba idan aka fara tun yaro na ƙarami. Wani nazari da malaman Jami'ar Kambirij ta Ingila, David Whitebread da Sue Bingham, suka fitar a 2013 ya nuna cewa yawancin ɗabi'un da ke tasiri a kan yadda mutum zai riƙa sarrafa kuɗi sukan fara kafuwa ne kafin yaro ya wuce shekara 7. Daga cikinsu akwai iya jira, da fahimtar cewa abin da aka kashe ba ya dawowa.

A ɓangaren addini ma maganar tana da tushe. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta umarci masu riƙon marayu da su riƙa jarraba su kafin a miƙa musu dukiyarsu, kuma malaman tafsiri da dama sun fassara jarrabawar da ba yaro ɗan abu kaɗan a ga yadda zai juya shi. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce aka fi bi a ƙasar Hausa, cinikin yaro mai wayo yana ƙulluwa, sai dai tabbatarsa na rataye a kan amincewar waliyyinsa. Ma'ana, shari'a ba ta hana shi taɓa kuɗi ba, ba ta kuma sake masa linzami ba.

Kafin a fita daga gida

Aikin yana farawa ne a kan tabarma. A zube kuɗin gabansa, a bar shi ya ƙirga da kansa, ko da zai yi kuskure sau uku. Ƙaramin yaro yakan ɗauka takardu biyar na naira 50 sun fi takarda ɗaya ta naira 500, kuma ba ya gane bambancin sai an jera masa su ya gani.

Wannan na ɗaya daga cikin dalilan da suka sa tsabar kuɗi ta fi amfani ga yaro. Tun bayan ƙarancin takardun naira na farkon 2023, wanda ya biyo bayan sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, mutane da yawa sun koma tura kuɗi ta waya, har da barka da Sallah. Kawun da ke Legas ko Abuja zai tura wa uban yaro, ya ce a ba su. Yaron dai bai ga komai ba. Idan da hali, gara a je wurin mai POS a ciro, a damƙa masa a hannu.

Sai a raba kuɗin. A ce yaro ya tara naira 2,000. Zai iya jefa 500 a asusu, ya riƙe 500 don kwaɗayinsa, ya ware 1,000 don kyauta. Ba dole sai haka rabon zai kasance ba, amma kada a hana shi nasa kason. Yaron da aka tilasta wa ya ba da duk abin da ya samu zai tashi yana ganin kyauta a matsayin hukunci.

Daga nan a tambaye shi wa yake so ya ba. A nan ne iyaye suka fi yin kuskure, domin sukan cika masa baki da sunaye: baffa, da gwaggo, da malamin allo, da maƙwabciya. Mutum biyu sun isa, uku kuma sun yi yawa ga ɗan shekara 6. Idan ya ce kakarsa da abokinsa, a bar shi a haka. Idan ma ya ce almajirin da ke yi wa gidan wanke-wanke, to ya ga abin da manya suka daina gani, tun da shi wannan yaron yakan yi Sallah nesa da iyayensa.

Tambayar da ta fi kowace amfani ita ce: me ka ga tana amfani da shi kullum? Yaro zai fara cewa a saya wa kaka usur ko tabarau na roba, domin su yake so. Da aka ja shi da hira sai ya tuna cewa tana cin goro bayan la'asar, ko carbinta ya tsinke, ko kwallinta ya ƙare.

A kasuwa

Ga mutumin Tofa, manyan kasuwannin Kano ba su da nisa. Akwai Kantin Kwari ta atamfa da shadda, da Kasuwar Kurmi wadda tarihinta ke komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, da ta Sabon Gari, da Singa, da Ƙofar Wambai. Sai dai wanda ya ɗauki yaro mai naira 1,000 zuwa birni zai kashe fiye da haka a kuɗin mota, ga cunkoson jajibiri da ake tsoron ɓatan yara a cikinsa. Kasuwar Janguza da ke kan hanyar Gwarzo, ko kasuwar ƙauye mafi kusa, ko ma mai tireda na bakin masallaci, sun wadatar. Ƙari a kan haka, mai kayan ya san ɗan wane ne, zai yi masa haƙuri.

Lokaci ma yana da tasiri. Farashi kan hau a goman ƙarshe na azumi da kuma jajibirin Sallah, ya ɗan sauko bayan an sauko daga Idi. Tun da kuɗin yaro sai ranar Sallah yake shigowa, sayayyar kashegari ko ta kwana biyu bayan Sallah ta fi masa sauƙi. Yawon Sallah kan ɗauki kwanaki, ba wanda zai ce kyautar ta makara.

Idan an isa, babba ya ja baya kaɗan. Yaron ne zai yi sallama, shi zai ce "Malam, nawa ne wannan?", shi zai taya. Zai ji an ce masa "albarka", ya koyi cewa wannan kalma ba zagi ba ce, gayyata ce ya ƙara. Zai koyi neman ragi, da jiran a sallama, da roƙon gyara idan abin awo ne, da ƙirga canji kafin ya bar wurin. Yana da kyau a zaga wurin mutum biyu ko uku kafin a saya, domin ya ji da kunnensa cewa abu ɗaya na iya samun farashi biyu.

Abubuwan da ƙaramin kuɗi ke iya saya suna da yawa fiye da yadda ake zato. Tsofaffi na jin daɗin goro 'yan ƙwarori, da dabino, da asuwaki, da carbi, da ɗan turaren kwalba. Uwa ko yaya za ta yi amfani da sabulu, da lalle, da kwalli, da man shafawa na ƙaramin gwangwani. Ƙanne kuma ga ribom, da awarwaro, da fensir, da littafin rubutu, ko alkaki da nakiya da dubulan daga hannun matan unguwa masu yin na sayarwa. Wannan na ƙarshe yana da wata fa'ida, domin kuɗin bai bar unguwar ba.

Idan kuɗin yaro ɗaya bai kai ba, 'yan ɗaki ɗaya na iya haɗa nasu su saya wa mahaifiyarsu abu guda. Za a sha gardama kafin a daidaita, kuma gardamar tana cikin karatun.

Wani lokaci zai zaɓi abin da babba ke ganin shirme ne, kamar ɗan kunne mai kalar da ba ta dace da kowane zane ba. Muddin ba mai cutarwa ba ne, a ƙyale shi. Asarar naira 200 a shekara 7 ta fi sauƙi a kan asarar jari a shekara 27. Haka kuma idan kuɗinsa ya gaza da kaɗan, kada a yi saurin cika masa. A bar shi ya nemi ragi ko ya sauya zaɓi. Idan ya saba da cewa aljihun baba na nan a baya, lissafin da aka yi a kan tabarma ya tashi a banza.

Inda babba zai sa baki

Akwai wuraren da ba a barin yaro da zaɓinsa. Kayan wasan roba masu araha da ke cika kasuwanni gab da Sallah ba duka ne ke da inganci ba. Masu ƙananan ɓangarori da ke ɓallewa na iya shaƙe yaron da bai kai shekara 3 ba, shi ya sa a Turai doka ta tilasta a rubuta gargaɗi a kansu. Fasasshen balan-balan ma yana da wannan haɗari. Ƙaramin batir mai kama da maɓalli, wanda ake samu a agogon roba da kayan wasa masu walƙiya, idan yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona maƙogwaro cikin sa'o'i kaɗan, kuma abu ne na garzayawa asibiti nan take.

Bindigar roba mai harba ƙananan ƙwallaye ta sha raunata idanun yara. Abin fashewar nan da ake kira nokawut kuwa, rundunar 'yan sanda ta sha gargaɗi a kansa a lokutan bukukuwa. Alawa da biskit da lemon leda, a duba lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewarsu, a kuma nuna wa yaron inda ake dubawa.

Su ma manya akwai nasu. Sayen sababbin takardun naira a bakin titi don rabon barka da Sallah ya zama ruwan dare, alhali dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta haramta cinikin takardun kuɗi da liƙa su a wurin biki, da hukuncin ɗaurin wata 6 ko tarar naira dubu 50 ko duka biyun. Ban da doka ma, kuɗin da ake ba mai canjin a kai da ya shiga aljihun yaran.

"Kawo in ajiye maka"

Wannan jimla ta zama abin barkwanci a tsakanin manya, kowa na tuna nasa kuɗin da aka ajiye har yau. Amma akwai abin dubawa a cikinta. A fahimtar malamai, abin da aka ba yaro kyauta nasa ne, iyaye masu riƙon amana ne, za su iya kashewa a kan maslaharsa.

Gaskiya ne a gidaje da yawa buƙata ce ke sa uwa ta taɓa kuɗin, ta sayi magi ko sabulu, ko ta biya kuɗin makarantar Islamiyya. Ba wanda zai zarge ta. Abin da ke ɓata tarbiyya shi ne a ce an ajiye alhali an kashe. Yaro ya fi jure a ce masa "na ranci 500 a cikin kuɗinka, zan biya ka ranar kasuwa", sannan a biya. Wanda aka yaudara sau biyu zai koyi darasi guda: da kuɗi sun shigo, a kashe su kafin a gani.

A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, maganar na buƙatar ƙarin kula. Yaran wani ɗaki na iya samun barka da Sallah mai yawa saboda dangin uwarsu masu hali ne, na ɗaya ɗakin kuma su samu kaɗan. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya nuna yadda Annabi (SAW) ya ƙi zama shaida a kan kyautar da uba ya keɓe wa ɗa guda, ya kuma yi umarni da adalci a tsakanin 'ya'ya. Uba ba shi da iko a kan abin da kawunnai suka bayar, amma yana da iko a kan nasa, kuma zai iya hana a mayar da sayen kyauta gasa tsakanin ɗakuna. Hanya mai sauƙi ita ce a tsayar da adadi ɗaya da kowane yaro zai kashe a kan kyauta, ko nawa ya tara.

Idan babu ko sisi

Akwai gidajen da ko wannan ɗan kuɗin babu. A karkara wannan bai rufe ƙofa ba. Yarinyar da aka ba kaza tana kiwo na iya kai wa kakarta ƙwai. Yaro na iya ƙera wa ƙaninsa motar kara, ko ya yanko asuwaki, ko ya saƙa maficin kaba, ko ya roƙi malaminsa ya taimaka masa ya rubuta wa mahaifiyarsa gaisuwar Sallah da ajami ko boko. Akwai hadisi ingantacce da ya hori mata da kada maƙwabciya ta raina abin da za ta ba maƙwabciyarta, ko da ƙofaton akuya ne.

Saura kai kyautar. A bar shi ya kai da kansa, ya durƙusa ya gaisar, ya miƙa da hannun dama, ya faɗi cewa da kuɗinsa ya saya. Yana da kyau a riga a sanar da wanda za a kai wa, domin babban da bai shirya ba zai iya yin dariya ko ya ce "mayar da abinka, me zan yi da shi", da nufin tausayi, yaron kuma ya ji kunyar da za ta daɗe tare da shi.

Da kaka dai ba a cika samun wannan matsala ba, saboda wasan da ke tsakaninta da jika. Za ta juya goron a hannu, ta ce ashe maigidan nata ya fara cefane, ta yi ƙorafin cewa ƙwarya biyu ta sa rai ba ƙwara biyu ba, ta sa masa albarka. Daga nan ta kwance bakin zane ta ba shi tukuici, wanda sau da yawa yakan fi kuɗin goron.